Ita Tana Maganar Gero

Mas'uda ce ta fara kawo Rijiyar Sama unguwarsu a Magariya, kuma ta daɗe tana jin daɗi in an faɗi haka a gabanta.

Fim ne na Turawa mai dogon zango, kashi goma sha biyu a sezon ɗin farko. Wani mai fassara na Kano ne ya ɗora masa Hausa, shi kaɗai yake muryar maza da ta mata har da ta ƙarfe. Labarin wasu mutane ne da ruwa ya ƙare a duniyarsu, suka shiga ƙaton jirgi suna yawo tsakanin taurari, suna neman inda za su zauna. A hanya akwai wani baƙin rami da jirgi ke faɗawa ya ɓulla wani wuri, shi ne mai fassara ya kira rijiya. Sunayen Turawan ba wanda ya riƙe. Shugabar jirgin mai fassara ya raɗa mata Kyaftin Ɗela, mutum-mutumin ƙarfen da ke yi mata gardama kuma Tanko. A ɗakin Ɗela akwai wata tukunya da ta shuka wani abu a ciki, mai fassara ya ce geron kakarta ne.

A rumfar Maina mai tura fina-finai, bayan tasha, aka zuba wa Mas'uda shi a waya. Ta kalla cikin kwana uku, ta tura wa ƙawaye, su ma suka tura wa wasu. Kafin wata ya ƙare Abdulrazak, wani ɗan unguwarsu da ke iniversite a Damagaram, ya buɗe musu grup a Watsap mai suna Ƴan Rijiya. Su goma sha ɗaya ne. Goma daga wayar Mas'uda fim ɗinsu ya fito. Ta sha ɗayan ita ce Hinda, wadda ta sami nata a Dungas.

Hinda ba baƙuwa ba ce. Shekara uku ta yi a gidan su Mas'uda tana zuwa lise, wato babbar sakandare, tabarmarsu ɗaya, fitilarsu ɗaya. Duk kaka babanta kan aiko da buhun gero, ba don an ce ya aiko ba. Da aka yi jarrabawar BAK ta gama lise Mas'uda ta ci, Hinda ta faɗi, ta tattara kayanta ta koma Dungas. Tun daga nan hirarsu ta koma ta waya, kuma Rijiyar Sama ce ta riƙe ta, don ita ce kaɗai zancen da za su yi ba a taɓo makaranta ba.

Mas'uda yarinya ce da in ta shiga taro harshenta yake ɗaurewa. A biki tana can bayan ƙyaure, in an gaishe ta sai ta amsa wa ƙasa. Amma a grup ba mai ganin fuskarta. Can ta gano tana da baki.

Abin da ya ba ta suna kuwa shi ne bayaninta a kan tsarin fim ɗin. Kowa ya ruɗe da shi. An fara da tashin jirgi, sai a kashi na biyu aka ga mutane duk sun rame, wani ya rasa ido, ba a faɗi yadda aka yi ba. A na huɗu Kyaftin Ɗela ta faɗa rijiya ita kaɗai don jirgin ya tsira, ta mutu, Tanko ya tsaya a bakin taga yana kallo. A na biyar sai ga ta da ranta tana shan shayi, kamar ba a yi komai ba.

Mas'uda ta ɗauki kaye da bik, littafin rubutu da biro ke nan, ta ja layuka, ta yi kibiyoyi. Ta rubuta musu cewa rijiyar ba wuri kaɗai take haɗiyewa ba, har da lokaci. Mutuwar Ɗela ce ta juya kwanaki baya, aka ba mutanen jirgi dama ta biyu ba su sani ba. Mai kallo ne kaɗai ya sani, shi ya sa kowace dariyar Ɗela take da ciwo. Ta ce ku duba inda aka ƙare: Ɗela ta shafa ganyen geron, ta ce wa Tanko, "Zan dawo kafin ya fid da kai," ta fita, aka rufe. Wa zai iya faɗa ko ta dawo?

"Wallahi yarinyar nan ƙwaƙwalwa ce," in ji Abdulrazak. Tun ranar suka fara ce mata Farfesa.

Sai bayan kwana biyu da la'asar rezon waya ya kama a Dungas, saƙon Hinda ya shigo.

"Ni fa ban ga inda aka koma baya ba. Ku bi geron mana. Ta shuka shi a na ɗaya, ya tsiro a na biyu, ya yi kara, ya yi ciki, ya fid da kai, ranar da ya nuna ta mutu. Damina guda ce kawai, miƙe take."

"A na biyu ai ya riga ya fid da kai, Hajiya," Abdulrazak ya rubuta. "Ko barci kike kina kallo?"

"Ya fid da kai a sati guda? Wane irin gero ne wannan? A kawo mana iri."

Da a nan wani ya tsaya ya yi tambaya guda, da an huta. Amma Mas'uda ta ji kamar an zare mata zane a tsakiyar kasuwa. Kwana biyu ke nan da zama Farfesa. Ta shiga ɗaki, ta ja labule, ta danna alamar magana ta yi vokal na minti huɗu. Ta kawo sunan littattafai, ta zuba Faransanci, ta ce akwai fim ɗin da ake tauna wa mutum a ba shi a baki, akwai wanda sai mai tunani. A ƙarshe ta yi ƴar dariya, irin wadda ba ta taɓa jin kanta ta yi ba, ta ce:

"Mu muna maganar lokaci da sararin samaniya, ita tana maganar gero. Amma ba laifinta ba ne, a Dungas take."

Fuskokin dariya suka cika grup. Kafin magariba aka ga ɗan rubutu a tsakiya: Hinda ta fita.

Maganar kuwa ba ta mutu ba. Duk wanda ya faɗi abin da bai gamshe su ba sai a ce masa, "Kai ma maganar gero kake." Abdulrazak ya tura vokal ɗin wani babban grup na ɗalibai, ya dawo yana cewa har mutanen Yamai sun yaba. Mas'uda takan buɗe sunan Hinda ta duba, ta rufe. Ta ce wa kanta ai gaskiya ta faɗa, gaskiya kuma ba ta da daɗi.

Sati biyu da haka motar kasuwa ta sauke buhu a ƙofar gidansu. Sabon gero ne daga Dungas, saƙon baban Hinda. Kakarta, Ya Kaka, ta zura hannu ta ɗebo, ta sansana.

"Ka ji ɗan halak. Ƴarsa ta bar gidan, shi bai bar mu ba. Ke Mas'uda, ki kira ƴar'uwarki ki ce mun gani, Allah ya ƙara auki."

"To, Ya Kaka."

Ba ta kira ba. Amma furar ta sha, kullum da hantsi, har ta kan ƙara.

Ranar da aka ce sezon na biyu ya iso, ita ta fara zuwa rumfar Maina. Yana zaune bayan ordinater ɗinsa, wato kwamfuta, wayoyi sun fi ashirin a gabansa suna shan caji, ƙarar janareto ta hana kowa jin kowa.

"Farfesa da kanta! Yau ma ke za ki buɗe kasuwa. Kawo wayar."

Ya jona ta, ya buɗe inda tsohon sezon yake don ya ga ko da wuri. Mas'uda ta leƙa ta bayan kafaɗarsa. A wayarta sunan kowane kashi dogo ne, "Rijiyar Sama sabuwar fassara" sai ɗigo uku, ƙarshen ba ya fitowa. Ba ta taɓa damuwa ba, don in ɗaya ya ƙare wayar ce ke kama na gaba da kanta. A faffaɗan gilashin Maina kuwa sunayen sun fito har ƙarshe, da lambobinsu.

Ɗaya. Goma. Sha ɗaya. Sha biyu. Biyu. Uku.

Ta sake karantawa daga sama.

"Maina, me ya sa goma ta bi ɗaya?"

"Wai wannan? Ai haka na'ura take jera su in ba a sa sifili a gaba ba. Duk mai ɗaya a farko sai ta tara su wuri guda. Mutane ai sun sani, sukan duba lamba." Ya juyo ya dube ta. "Kar dai ki ce min haka kika kalla?"

Ta kau da kai.

"La ilaha illallahu! Ashe kin kashe Ɗela tun ran Talata kika ta da ita ran Laraba!" Ya yi dariya har ya buga cinya, sai ya ga fuskarta ya haɗiye sauran. "To, ba komai, ƙanwata. Ni ban ga komai ba. In gyara miki?"

Ta gyaɗa kai. Ya sa sifilan. Sezon na biyun ma ta manta da shi, sai da ya bi ta da kira.

Yini biyu ta yi a ɗaki tana kallo daga ɗaya zuwa sha biyu. Fim ɗin ya miƙe sarai kamar hanyar kwalta. Mai ido ɗaya an nuna ranar da ya rasa idon. Geron ya tsiro, ya yi kara, ya yi ciki, ya fid da kai. A na tara Ɗela ta ce za ta dawo kafin ya fid da kai, a na goma ta dawo a makare, Tanko ya yi mata mita, shi ke nan. Babu lokacin da ya juya. Kayen nan mai kibiyoyi ta tura shi ƙarƙashin katifa, ta sake zaro shi, ta rasa inda za ta sa shi ya daina kallonta.

Abdulrazak ta fara kira, shi kaɗai. Ta zayyana masa komai, ya yi tsaki.

"Bon. Wa ya sani?"

"Maina. Da ni. Da kai."

"To a bar shi a nan. Wallahi tsarinki ya fi na masu fim ɗin daɗi. Kin san mutum nawa suka ji vokal ɗin nan? In kika fasa yanzu, ni da na tura ma sai an yi min ihu. Ki ce da gangan kika jera shi haka."

"Hinda fa?"

"Hinda za ta huce. Ku mata ai haka kuke."

Ta kashe wayar. Abin da ya fi ba ta kunya daga baya shi ne, sai da ta kwana biyu tana juya shawarar nan, tana neman inda za ta kama ta.

Ranar kasuwar Dungas ta ce wa Ya Kaka za ta je godiyar gero. Tsohuwar ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ƙulla mata goro da sabulu a leda.

A mota an matse ta tsakanin wata mai tallar tabarmi da buhunan wake. Hagu da dama an gama girbi, karan gero a kwance, damma a jingine, rumbuna sun sha sabuwar jinka. Duk inda ta juya ido gero ne. Ta shirya jawabi a zuciyarta, ta rushe, ta sake shiryawa. Daga tasha kabu-kabu ya kai ta har bakin gidan.

A fili bayan gida ta same su, mata biyar sun kewaye turame suna sussuka. Innar Hinda ce ta fara ganinta.

"Lale, lale! Yau ƴan birni ne a garin? Ke Hinda, ga ƴar'uwarki. Ina Ya Kaka? Ina gajiya? A kawo tabarma."

Mas'uda ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta miƙa ledar da hannu biyu. Hinda ba ta ajiye taɓarya ba. Ƙaiƙayi ya yi mata fari a gira da wuya. Ta ce, "Sannu da zuwa," kamar yadda ake ce wa mai karatun mita, ta ci gaba da dakanta. Sai da innarta ta harare ta sannan ta jingine taɓaryar, ta yi gaba zuwa inuwar rumbu. Mas'uda ta bi ta.

Jawabin nan duk ya gudu.

"Hinda, lambobin ne. Wayar ce ta jera su ba daidai ba. Ɗaya, sai goma, sai sha ɗaya. Mu duka a hargitse muka kalla. Ke kaɗai kika kalla daidai."

Hinda ta dube ta. Bakinta ya motsa, ta danne, ya ƙi dannuwa. Ta dafa rumbu tana dariya har hawaye ya wanke layi biyu a ƙurar fuskarta.

"Wayyo cikina! Sararin samaniya! Ashe ƙidaya ce ba ku iya ba, ku masu BAK!"

Mas'uda ta tsaya ta sha dariyar, har ta fara jin sauƙi, tana cewa a ranta ashe da wuri za a gama. Sai Hinda ta goge ido da bakin zane, fuskarta ta koma yadda take.

"Kin ɗauka fim ne ya fitar da ni?"

"A'a."

"Da a ce ke ce da gaskiya, da kin zo?"

Mas'uda ta so ta ce da ta zo. Ba ta iya ba.

"Bari in gaya miki," in ji Hinda, ta rage murya. "Ranar da vokal ɗinki ya shigo muna nan wajen, muna ɓarar gyaɗa. Na ga sunanki, na ga minti huɗu. Na ce, Inna, ku yi shiru ku ji ƙawata, in tana bayani kamar rediyo. Na ƙure ƙara. Faransancin ba su ji ba, sai gyaɗa kai suke, suna cewa ma sha Allah. Amma ƙarshen da Hausa kika yi shi."

Mas'uda ta waiwaya. Innar Hinda tana can tana juye zangarniya a turmi, matar da ta tarbe ta da lale, ta sa a shimfiɗa mata tabarma.

"Inna ta ji?"

"Duk sun ji."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Da Baba zai ɗaure buhunku na ce a bari bana. Ita ta ce a kai."

Nan Mas'uda ta zauna a ƙasa a gindin rumbu, ta rufe fuska da mayafi. Ba kuka mai sauti ba ne. Hinda ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma tafi ba. Ta tsaya tana karya wani kara ƙanana-ƙanana.

Da ta samu numfashi, Mas'uda ta zaro waya. Ta ce a gaban mutane ta yi, a gabansu za ta warware. Ta danna, ta fara: "Assalamu alaikum, an samu wani ɗan kuskure na fasaha game da tsarin…"

Hinda ta sa yatsa ta goge.

"An samu? Wa ya samu? A hanya aka tsince shi?"

Ta sake. Wannan karon Faransanci ya kutso tun a jimla ta biyu.

"Da Hausa kika zage ni. Ki yi da Hausa."

Na ukun gajere ne, ana jin turame a baya. Ta ce ita Mas'uda ba ta duba lamba ba, ta kalli fim a hargitse ta raba musu a hargitse, bayanin da ta yi duk ba shi da tushe. Ta ce Hinda ta bi geron ta gane, ita ta bi son a yabe ta. Ta ce abin da ta faɗa a kan Dungas rashin kunya ne, ko da ita ce da gaskiya, kuma geron Dungas ne a cikinta yanzu haka da take magana.

Saƙon ya tsaya bai tafi ba. Hinda ta karɓi wayar, ta hau kan wani juyayyen turmi, ta ɗaga hannu sama wajen gabas, don nan ne kawai rezo yake kamawa a gidan. Suka tsaya suna kallon sama su biyu, har alamar ta canza.

Ba a jima ba wayar ta fara kuka a hannun Hinda. Ta karanto saƙonnin tana daga kan turmin. Salima, ɗaya daga ƴan grup, ta ce daga yau Farfesa ta koma aji ɗaya koyon ƙidaya. Wani ya ce a biya shi hawayen da ya yi a banza. Abdulrazak ya ce shi dai har yanzu tsarin farko ya fi masa. Wasu uku suka ce a mai do Hinda.

"In mai da ke?" Mas'uda ta tambaya a hankali.

"Ba yau ba." Ta sauko ta miƙa mata wayar. "Grup ba shi ne gabanki ba. Ga Inna can."

Filin bai fi taku ashirin ba, amma Mas'uda ba ta taɓa tafiya mai nisansa ba. Matan suka sassauta daka. Ta durƙusa a gaban turmin, ta ce, "Inna, ni ce na yi maganar nan. Ki yafe min." Muryar ba ta fita sosai ba, sai da ta maimaita.

Innar ta dube ta, ta kakkaɓe hannu.

"Na gane muryar tun ranar. Na ce wannan ba a cikinta ta samo ba, aro ta yi. Tashi, kar ƙaiƙayi ya shiga idonki." Ta juya wajen ƴarta. "A ba ta taɓarya. Wanda ya zo ranar sussuka ba baƙo ba ne."

Hinda ta zaɓo mai nauyin ta ba ta. Suka tsaya a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke. Sau biyu Mas'uda tana buga bakin turmi, matan suna dariya. Kafin a juye turmin farko tafin hannunta ya yi ja.

Can Hinda ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wai ku a ina naku ya ƙare?"

"Inda ta ce za ta dawo kafin ya fid da kai."

"Na tara." Ta yi daka uku tana tunani. "Kuma kun riga kun ga ta mutu."

"I."

"Hm. Da ciwo kam." Ta sauke taɓarya da ƙarfi. "Amma ba haka aka yi ba. Ɗaga hannunki, kina zubar mana da gero."